Gashin Bakin Sallau Gagara-Get

Wani direba ne a tashar garinmu, sunansa Sallau. Amma in ka shiga tasha kana cigiyar Sallau, sai ka yini ba a gane wa kake nema ba. Ka ce Gagara-Get, har mai shayi zai ajiye kofi ya nuna maka shi. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya kuma sa mai fenti ya rangaɗa masa shi a bayan tsohuwar motarsa da jan fenti.

Abu biyu Sallau yake taƙama da su a duniya. Na farko, wai tun da aka kafa tolget a babbar hanya, wato shingen da ake tare motoci a karɓi kuɗi, shi bai taɓa ba su ko sisi ba. Na biyu, gashin bakinsa. Gashin baki ne na gani na faɗa, baƙi wuluk, ya murɗe shi hagu da dama kamar ƙahon rago. Kullum da safe sai ya shafe shi da man kaɗanya. In zai sha koko, da yatsu biyu yake ɗaga shi.

Maganar get ɗin kuwa gaskiya ce, bai taɓa biya ba. Abin da ba ya faɗa shi ne, lodinsa daga tasha ne zuwa kasuwar ƙauye. Motarsa ba ta taɓa ganin get ɗin da idonta ba.

Ana nan sai aka wayi gari an ninka kuɗin get. Aka ce wai da ƙarin za a gyara hanyoyin karkara. Haka aka ce a ƙarin bara, haka aka ce a na bara waccan, mu dai har yau ramukanmu suna nan lafiya lau, sai ma ƙiba da suke yi. Tasha ta ɗauki zafi, direbobi kowa na kumfar baki. Sallau yana kan benci ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana murza gashin baki.

Ya ce, "Ku ne dai kuka ga za ku iya. Ni akwai wata ɓarauniyar hanya da na sani, ta cikin ƙauyuka. In shiga nan, in ɓullo can bayan get, ina ɗaga musu hannu."

Lawwali, ciyaman ɗin tasha, ya ce, "To Gagara, gobe lodin birni na safe naka ne. Mu gani a ƙasa."

Gaban Sallau ya faɗi, ras! Amma idanu sun yi masa yawa. Ya miƙe ya bugi ƙirji.

"Wallahi duk ranar da aka ga na miƙa hannu na biya a get ɗin nan, a aske min gashin bakin nan ƙwal! Ga Baba Cindo nan, shi ne shaida."

Baba Cindo tsohon wanzami ne, mai ƙarancin magana, kullum zabirarsa ta kayan aski tana rataye a kafaɗa. Ya ɗago ya dubi gashin bakin, irin kallon da mahauci yake wa sa.

Ya ce, "Na shaida. Ni ma gobe birni za ni, askin suna. A ajiye min gaba."

Washegari mota ta cika maƙil, don Sallau ya yi shela cewa motarsa ba kuɗin get. Suka hau kwalta suna shan iska. Can, da aka fara hango rumfar get, sai ya karya kan mota dama, ya faɗa wata jar hanya. Gwaram! Kan kowa ya gaisa da rufin mota.

"Ku riƙe cikinku," in ji Sallau. "Hanyar maza ce."

Ba su yi nisa ba sai ga igiya an gitta a hanya. Wasu majiya ƙarfi suna tsaye da shebur, sun zuba ƙasa a wani rami.

"Ranka ya daɗe, gyara muke. A taimaka wa masu aiki."

Sallau ya leƙa hagu ya leƙa dama, ba wurin kaucewa. Ya zaro kuɗi ya miƙa. Baba Cindo ya yi gyaran murya.

Sallau ya ce, "Baba, wannan ba get ba ne. Sadaka ce."

"Ban ce komai ba, ɗana."

Ƙauye na gaba, igiya. Na gaba da shi, an gitta taɓarya kan turame biyu, tsofaffin mata ne ke karɓa, su ba sa ma yin kamar suna gyaran komai. A wani wurin kuma mutum biyu ne, ɗaya yana cike rami a gaba, ɗaya yana haƙe shi a baya, don kada aiki ya ƙare. Sallau dai sai sadaka yake, zufa na bin gashin baki tana ɗiga. Kafin rana ta take, ladan da ya tara ya isa ya raba wa duk tasha.

Suka wuce wani ƙaton allo na kwangilar gyaran hanyar, ya yi tsatsa, awaki sun kwanta a inuwarsa. Wata dattijuwa a baya, Iya Tabawa, wadda ta rungumo kwandon ƙwan zabi tun daga gida, ta ce, "Allah sarki, ashe dai an kawo musu wani abu."

Baba Cindo ya dubi rana. "Direba, yanzu fa an yanka rago."

"Saura ƙiris, Baba. Bayan kukar can za mu ɓulla."

Bayan kukar, sai ga wani kwari cike da caɓi. Rani ne fa, ko'ina ya bushe ƙayau, amma wurin nan kamar tsakiyar Agusta. A bakinsa wani mutum yana tsaye da garwa biyu, yana tuttula ruwa a ciki a natse, kamar mai ban ruwan albasa. Gefe guda ga shanun huɗa biyu a ɗaure, da igiyarsu a shirye.

Iya Tabawa ta ce, "Ɗan nan, kada ka shiga."

Sallau ya murza gashin baki. "Iya, ni da na ƙetare kogi da motar nan, kifi yana leƙo ni ta taga?"

Ya ja baya, ya taka mai. Vuuum! Caɓal! Mota ta nutse har ƙofa. Ta yi tari sau biyu, ta yi atishawa, ta yi shiru. Kwandon Iya kuwa, abin da ke ciki ya tashi daga ƙwai ya koma kunu.

Mai garwa ya ajiye garwarsa, ya matso da fara'a.

"Sannunku da zuwa. Sunana Jatau. Turi ko ja?"

Sallau ya daka masa tsawa ta taga. "Kai ka jiƙa hanyar nan!"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Mun jira a gyara ta har mun gaji, sai muka ga gara mu riƙa kula da ita yadda take. Da ita nake ciyar da gida."

Aka ɗaura shanu, aka ja mota ta fito tana zubar da laka. Aka murza makulli, ko ƙyas. Inji ya sha ruwa ya ƙoshi.

Sallau ya ja Jatau gefe, ya rage murya. "Ka ja ni ta hanyar da ke ɓullewa bayan get."

Jatau ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ta gada? Ai gadar nan ruwa ya tafi da ita tun shekarar da na yi aure. Hanya ɗaya ta rage, ita ce mai fita kwalta. Bakanike kuma yana can gaba kaɗan."

"Gaba da me?"

"Gaba da get mana."

Haka aka yi. La'asar sakaliya, motoci sun yi dogon layi a get, sai ga shanu biyu sun hawo kwalta, tinƙis tinƙis, suna jan mota mai laka har rufi. Sallau yana riƙe da sitiyari, ya sunkuyar da kai. Duk jikin motar ya ɓace cikin taɓo, ban da wuri ɗaya da Allah ya tsare: GAGARA-GET, ja wur. Komawa baya ba dama, hanyar mai hannu ɗaya ce, ga tireloli sun toshe bayansu suna ta hon.

Kuma don ƙarin abin kunya, direbobin tasharmu suna dawowa daga birni a ɗaya hannun. Lawwali ne ya fara hango shi. Ya faka, ya fito yana tafi. Kafin ka ce me, rabin tasha ta jeru a bakin titi.

Ma'aikaciyar get ta leƙo daga rumfarta. Ta dubi shanu, ta dubi mota, ta sake duban shanu.

Sallau ya ce a hankali, "Hajiya, ai ba tuƙi nake ba. Ja na ake. Wanda ake ja ba ya biya."

Ta ce, "Malam, mu nan abin da ya taka kwalta muke dubawa." Ta fito ta zagaya tana nunawa da biro. "Taya huɗu. Ƙafa takwas. Sha biyu ke nan. Kuɗin tirela za ka biya."

"Tirela? Shanu ne fa!"

"Ni na ɗaura maka su?"

Ya juya wajen Jatau. Jatau ya ce shi shanunsa ba su da aljihu. Ya juya wajen fasinjoji, Iya Tabawa ta ɗaga masa kwandonta yana ɗiga. Hon ya yi yawa, ɗaya daga cikin shanun ya saki kashi a kan kwalta, faca-faca. Sallau ya lalube aljihu, sadaka ta cinye kusan komai. Da ƙyar ya haɗa, har da canjin fasinja. Ya miƙa hannu ta taga.

Tasha ta ɗauka gaba ɗaya: "Ya biya! Gagara ya biya!"

Sandar get ta ɗaga, shanu suka wuce. Ana tsayawa a gefe, Baba Cindo ya fito, ya shimfiɗa buzunsa a bakin titi, ya buɗe zabira. Ya fara wasa aska a tafin hannu, fyat, fyat.

Sallau ya durƙusa. Idonsa ya kawo ruwa, don wallahi yana son gashin bakin nan fiye da motar.

"Baba, ka dubi girman Allah. Shekara da shekaru ina kiwonsa."

"Ɗana, na rasa askin jariri, na rasa naman suna. Ba zan koma gida da aska a bushe ba. Zauna."

Lawwali ya riƙe masa kai. Aka shafa ruwa. Ƙarrr! Ɓarin dama ya faɗo ƙasa a murɗe, iskar wata tirela ta yi gaba da shi. Sallau ya runtse ido, ya juyo da ɓarin hagu yana jira. Shiru. Da ya buɗe ido sai ya ga Baba Cindo ya goge aska yana mayar da ita zabira.

"Baba, ƙarasa mana! Haka zan shiga birni da rabi?"

Tsoho ya rataya zabirarsa, ya nuna masa get da haɓa.

"Sau ɗaya ka biya, ɗana. Wancan ɓarin na komawa gida ne."