Abin da Tasalla Ta Hana a Cire Mata

A wani daji, 'ya'yana, an yi wata barewa mai suna Tasalla wadda kada ya fizge wa ɗa a gaban idonta, a mashayar da majalisar dabbobi ta yi shela cewa babu kada ko ɗaya. Tun ranar ba ta ƙara kusantar kogi ba. Ko ganye ya faɗa ruwa, sai jikinta ya ɗauki ɓari. Raɓa take lasa, ga rani ya kawo kai, raɓar ma ta fara ɗaukewa. Baiwar Allah ta rame, mutuwa kawai ake jira.

A dajin kuwa akwai tsohuwar mesa, Iya Dudu, mai wata baiwa da ke sa tsikar jiki tashi. In ta kafa maka ido tana lilo da kai, sai ka shiga wani barci da ba barci ba. Kunnenka a buɗe, zuciyarka kamar ɗanyen yumɓu. Duk abin da ta faɗa maka a lokacin, da shi za ka farka, kana rantsuwa tunaninka ne.

Majalisa ta taru a gindin tsamiya. Gwanki, shugabanta, ya ce, "Iya, yarinyar nan ƙishirwa za ta kashe ta ga ruwa tana gani. Ki taimaka."

Dila, mai ba shi shawara, ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, abin ai mai sauƙi ne. A gaya mata ba ta taɓa haihuwa ba, ba ta taɓa ganin kada ba. Ta huta, mu ma… wato, daji ya huta."

Bushiya ta leƙo daga cikin ƙayoyinta. "Kai Dila, yaushe tausayi ya kama ka haka? Har wutsiyarka rawa take!"

Aka kwashe da dariya. Iya Dudu ba ta yi ba. Ta ce, "Zan iya, shi ya sa nake tsoron kaina. Haka na gaji aikin nan: ba na sa wa mai barci magana sai wadda ya faɗa da bakinsa yana farke, a gaban shaidu. Tun ɗazu kuke yanka kuna rabawa, mai ciwon tana tsaye ba wanda ya tambaye ta. 'Yar nan, matso. Me zan cire, me zan bari?"

Tasalla ta matso ta ce, "Iya, ki cire min ɓarin nan in sha ruwa. Amma kar ki taɓa min ɗana. Yana da ɗigon fari a goshi. In na manta shi, wa zai tuna? Abin da ya ɗauke shi ma ki bar min, na gan shi."

"Zafin zai zauna fa. Za ki riƙa shan ruwa kina hawaye."

"Na yarda, Iya."

Ikon Allah! Da hantsi aka yi abin, a bakin kogi. Mesa ta ɗaga kai ta fara lilo a hankali, daji ya yi tsit, har tsuntsaye suka haɗiye kukansu. Idon Tasalla ya lumshe. Iya Dudu ta ce, "Ranar nan ta wuce, 'yar nan. Ƙafafunki naki ne. Ɗanki yana nan inda kika ajiye shi." Ba ta ƙara ko kalma ba, duk da Dila yana ta yi mata ido.

Tasalla ta farka. Ta taka zuwa can saman kogi, nesa da mashayar, inda ruwa bai wuce kofato ba, ta duba dama da hagu, ta sunkuya. Ta sha, ta sha, hawaye na ɗiga cikin kogin. Giwa da kanta sai da ta share ido da hancinta.

Da barewar ta ɗago ta ce, "Jama'a, akwai kada a mashayar can."

Washegari majalisa ta yi shela cewa maganin mesa bai ci ba, tunda har yanzu yarinyar tana sambatu. An dai lura tun daga ranar 'yan majalisa a can sama suke shan ruwa. Wai ya fi sanyi.