Rasuwar Mai Ɗamara, Wayar Kailu

Da zuciya cike taf da baƙin ciki, Kailu mai faci na bakin tashar Filinge yana sanar da ƴan'uwa da abokan arziki na nan gari, da na Tabla da Bonkuku da duk ƙasar Kurfai, rasuwar wayarsa, wadda aka fi sani da Mai Ɗamara saboda robar tayar babur da ta daɗe tana riƙe mata batir. Ta cika ran kasuwar da ta wuce, da hantsi, bayan doguwar jinya da jiran da ya fi jinyar tsawo.

Marigayiyar ta shigo hannun Kailu da ƴan shekarunta, amma ba ta taɓa nuna gajiya ba. Ita ce fitilar gida duk lokacin da aka ɗauke wuta, ita ce rediyo, ita ce mai tada shi sallar asuba da muryar nan tata mai kama da ta zakaran da mura ta kama. Ranar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, rabin tasha a kanta suka duƙa suna saurare, har wani ya taka ta bai sani ba, fuskarta ta tsage gida biyu, amma ta ci gaba da ba da labari. Ba ta da rowa. Ko baƙon da ya sauko daga mota ya ce a ara masa ya yi fulashin, ba ta hana shi.

Laifi ɗaya aka san ta da shi, shi ma bisa kuskure ne. Wata rana kafin azumi ta nuna wa Kailu hoton firiji mai aiki da hasken rana, fari sol, da araha kamar an tsinto shi, a shafin wasu ƴan kasuwa da ba wanda ya taɓa ganin fuskarsu. Kailu ya kai wa matarsa Habsa, mai sayar da lamurje, abin shan nan mai citta, ya lissafa mata irin cinikin da za ta yi in lamurjenta ya yi sanyi a watan azumi. Habsa ta yi ta jan ƙafa. Daga ƙarshe ta sayar wa maƙwabcinsu Isufu da tunkiyarta, wadda ta gada daga mahaifiyarta, ita kaɗai ce ta rage daga garken tsohuwar. Aka tura kuɗi.

Ranar isowar kaya Kailu ya yi hayar amalanken jaki, ya nemi ƙarti biyu masu ɗauka, suka tsaya a tasha. Direban motar Yamai ya sa hannu ƙarƙashin kujerarsa ya miƙo masa firijin. Gwangwanin tumatir uku yake ci, in an matsa. Haka aka ɗora shi tsakiyar amalanke aka zaga da shi cikin gari, tunda an riga an biya mai jaki. Washegari aka mayar da shi Yamai, masu kayan suka ce ba komai, za a dawo da kuɗin, a dai riƙa duba waya, lambar karɓa za ta shigo.

Daga nan jinyar marigayiyar ta fara. Ba a sake kashe ta ba, ba a sake barin ta ta huta ba. Duk sanda ta ce ƙilin, sai Kailu ya yar da tayar da ke hannunsa ya zaro ta, kuma kullum saƙon ɗaya ne da Faransanci, wai maganar kuɗinsa tana cikin tiretima. To Kailu a ɗakin likita ya san wannan kalma, ita ce ake faɗa wa mai zazzaɓi in an ɗora shi kan magani. Ya koma gida ya shaida wa Habsa cewa kuɗin na nan da rai, amma ba su da lafiya, suna shan magani. Labari ya bazu. Mata a bakin famfo suka riƙa tambayar Habsa ya mai jiki, direbobi suna yi wa Kailu fatan Allah ya ƙara sauƙi, shi kuma yana amsawa da amin tsakaninsa da Allah, har da sadakar masa ya yi wata Juma'a. Sai daga baya Mushe Alhassan, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya bayyana masa cewa a bakin ma'aikata kalmar tana nufin ana duba takardunka ne kawai. Kailu ya ce shi dai ya fi son ma'anar farko, domin mara lafiya ko ya warke ko ya mutu, kowanne aka yi za a ji labari.

Ana cikin haka ya bayyana cewa tunkiyar da ciki ta bar gida. Habsa ta je ta roƙi Isufu, shi kuwa ya yi mata adalci irin na mai kiwo: in ta kawo kuɗinsa kafin tunkiya ta haihu, ta kama abarta, in kuwa ta haihu a gidansa, ciniki ya rufe. Tun daga ranar, cikin tunkiya na ƙara girma, saƙo yana nan yadda yake. Masu kayan sun ce iyaka ce a rufe. Sun ce rezo ne, wato layin waya ba ya kamawa. Sun ce mai sa hannu ya yi tafiya, da ya dawo kuma suka ce sabo ne bai san maganar ba. Habsa ba ta taɓa ɗaga murya ba, abin da ya fi damun Kailu ke nan. Sau ɗaya ta yi magana, tana tankaɗe, ba ta ko dube shi ba: "Malam, ni ba firiji nika so ba yanzu, ba kuɗɗi nika so ba. Tunkiyar inna nika so."

Batir ɗin marigayiyar ya kumbura saboda yawan caji da zafin rana, har sai da aka ƙara mata ɗamara ta biyu. Ranar da abin zai faru, Kailu ya hau kan rumbu, inda rezo ya fi kamawa, ya ɗaga ta sama. Ta ce ƙilin. Ya hango lambobi a fuskarta, don murna ya yi wuf zai sauko da ita ya karanta, ta suɓuce, ta faɗa cikin bahon lamurjen da Habsa ta ajiye a inuwar rumbun. An tsamo ta da ludayi. An cusa ta cikin buhun gero ko za ta bushe, an kai ta wurin Ibrah mai gyara a kasuwa, ya buɗe ta, ya sansana, ya ce citta ta riga ta kai ga zuciya. Kalmarta ta ƙarshe wani siririn tsiiii ne, daga nan ta yi shiru da lambar a cikinta. An sa layin a wayar Mushe Alhassan an kira masu kayan, suka ce sun aiko, kuma sau ɗaya ake aikowa, sai dai a buɗe sabuwar buƙata a jira.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗauri uku, da abin sa wa kunne wanda ɓangare ɗaya kaɗai ke magana, da mai cajin bakin tasha wanda ya yi rashin babbar mai ciniki, da lambobin mutane masu yawa da Kailu bai haddace ko ɗaya ba. Duk wanda ta taɓa katse masa magana a tsakiya, ana roƙonsa ya yafe mata.

Za a sa ta a makwancinta gobe bayan la'asar, cikin tsohon gwangwanin madara, a saman shagon faci. Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gidan Kailu har kwana uku. Ba a karɓar gaisuwa ta waya. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya nuna wa mai makoki hoton wani kaya, kome arharsa. Mata masu neman Habsa kada su tsaya neman ta a ɗaki, su zaga bayan rumbu. Tana nan tsaye kan turmi tun safe, tana leƙen gidan Isufu ta saman katanga, inda tunkiya ta haifi tagwaye, duka mata.