Girgizar Ƙasa a Bayan Gidanmu

Shekara bakwai ina binciken girgizar ƙasa a yankin da ƙasa ba ta motsi. Ofishina ko mai shara ba ya leƙowa. Ranar da na'urar da na binne a bayan gidanmu na Likoro ta nuna motsi, har hawaye na yi. Da motsin ya yi ta maimaituwa, na tara dattawa, na ce a fara shirin ƙaura.

Mahaifiyata ta yi magana daga bayan katanga: "Dakta, yaushe take girgizar?"

"Kullum da hantsi, Inna."

"Lokacin nake surfen dawa a nan."

Dattawa suka watse, ba ko sallama.

Har yau matan unguwa kan tsayar da taɓarya in na wuce: "Dakta, mu daka, ko ƙasa za ta tsage?"