Jirjir Mai Huji

Na manta sunayen rabin yaran da na koyar, na manta launin keken da nake taƙama da shi, amma ba zan taɓa mantawa da safiyar bikin ƙanwata Hajara ba, ranar da na miƙe gaban mutanen ƙauyenmu da ganye biyu a hannu ina yi musu darasi. Har yau in abin ya faɗo mini sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare a garin Managil, can yankin Jazira, sabon ɗauka, da farar jallabiya da alƙalami biyu a aljihu (ɗayan ma ba ya rubutu, na ado ne). Ana ce mini Ustaz, ni kuwa na yarda da sunan nan fiye da masu kirana da shi. Ƙauyenmu tafiyar awa guda ce a keke in ka bi bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga. A gari nake kwana, ranar Juma'a kaɗai nake zuwa gida.

Ciwon ciki ne mafarin komai. Ya matsa mini har na je asibiti a birnin Madani, likita ya ce in rage mai, in rage barkono, in rage sukari, in yawaita ganye. Ban yi gaggawa ba. Shayina da ake zuba wa cokali huɗu na mayar uku, bayan wata guda biyu, daga baya ɗaya. Na bar soye-soyen bakin tasha. Na koyi cin jirjir, wani ganye mai ɗan yaji, ɗanye da tumatir da lemon tsami, abin da a da nake cewa cimar awaki ce. Kuma tsakani da Allah na ji sauƙi, cikina ya lafa, barci ya dawo. Da na tsaya a nan da ba ni da labarin da zan ba ku. Amma ni mutum ne da in ya gane abu ɗaya sai ya ɗauka duniya duka jiransa take yi ya zo ya gyara ta.

Wata Juma'a ina kan hanyar gida jirgin feshi ya wuce ta kaina, ƙasa-ƙasa, yana zuba wa auduga magani. Warin ya biyo ni har ƙauye. Mako na gaba na ga ƙananan kifaye sun taso ciki sama a wata 'yar hanyar ruwa. Shi ke nan, na yanke hukunci: duk abin da aka shuka kusa da auduga, ko aka sa wa takin zamani, ba zai ƙara shiga cikina ba.

A kasuwar Managil na samu mutumina. Sunansa Abbakar, wani siriri mai jaki, yana baza ganye a kan buhu. Da ya ji irin tambayoyin da nake yi sai ya rage murya kamar mai sayar da zinari.

"Ya Ustaz, kai ka san abu. Wanga daga Kamlin yake, bakin kogi. Ba feshi, ba taki, laka ce kawai da ruwan Allah." Ya ɗaga ganyen jirjir duk huji. "Ka gani? Tsutsa ta ci. Abin da tsutsa ta ci ta rayu, ba zai kashe ka ba. Wanda ka gani sumul kuwa, ka ji tsoronsa."

Wallahi maganar nan ta shige ni fiye da duk abin da na karanta a makarantar horon malamai. Daga ranar na zama mai farautar huji. Ganye in bai yi kama da rariya ba, ba na saye. Kuɓewa sai mai tabo. Abbakar yana ninka mini farashi, ni ina yi masa godiya.

To, a nan mahaifiyata ta shigo. Ni ne ɗan farin Inna, kuma kun san yadda abin yake a wurinmu. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In za ta yi magana a kaina sai ta ce "wancan", ko "mai keken nan". Ba ma hira, ba ta kallon idona, in na gaishe ta sai ta amsa tana duban tukunya. Kunya ce ta ɗan fari, haka muka taso muka gani. Abu ɗaya ne take yi mini wanda ba ta ɓoyewa: duk Juma'a Hajara za ta kawo mini tire, kisra mai laushi, wato wainar dawar nan mai faɗi marar kauri, miyar lalo, da jirjir a gefe an wanke shi tas, kowane ganye kore shar, babu ko ɗigon huji. Tun rasuwar Baba da ganyen nan take riƙe gidan, tana nomawa tana sayar wa matan ƙauye.

Ni kuwa da sabon ilmina na dubi jirjir ɗin na ce a raina, lalle, wannan ya sha magani. Na san dai lokacin Baba a gefen hawasharsa, wato gonar audugarmu, Inna take shuka. Ban tambaya ba ko har yanzu a can take yi. (Wa zan tambaya? Ita da ba ma magana? Hajara kuwa yarinya ce a idona, me ta sani?) Sai na fara tsame hannu. Farko na bar jirjir. Sannan na bar miyar. Daga baya na riƙa zuwa da ƙunshin ganyena daga gari in ce a dafa mini daban. Tire yana komawa ciki yadda ya fito, Juma'a bayan Juma'a, kuma bai fasa fitowa ba. Ni na ɗauka Inna ta gamsu ne.

Aka sa bikin Hajara ranar Alhamis, lokacin hutu. Na gayyaci shugaban makarantarmu da malamai uku, don su ga gidan da Ustaz ya fito. Ranar Laraba na loda wa kekena kwandon ganyen Abbakar, na kai wa Gwaggo Ramatu, ƙanwar Baba, na ce wannan na baƙina ne, kada a haɗa da na gida. Gwaggo ta leƙa kwandon, ta dube ni, ta sake leƙa kwandon.

"Wanga shi ne na manyan baƙi?"

"Shi ne, Gwaggo. Ba za ki gane ba."

"Haka ne," in ji ta, "ba zan gane ba."

Da hantsi maza suka cika rumfa, aka shimfiɗa tabarmi, mata suna bayan zana ana jin muryoyinsu. Tire suka fara fitowa. Na gaban baƙina guda biyu ne: nawa mai huji, da wani babba da aka rufe da sabon faifai. Da aka buɗe na gane hannun Inna. Jirjir ne irin wanda ban taɓa gani ba, an jera shi kamar ba za a ci ba. Shugaban makaranta ya ce masha Allah, ya miƙa hannu.

Na riƙe masa hannu. E, na riƙe hannun shugabana a gaban jama'a. Sannan na miƙe, na ɗauki ganye ɗaya daga kowane tire, na ɗaga su sama kamar ina gaban allo.

"Ya jama'a, ku duba nan. Wannan mai hujin daga Kamlin yake, lafiyayye ne. Wannan kuwa mai ƙyalli, ku tambayi kanku, me ya sa ko tsutsa ta ƙi shi? Guba ce! Muna ci muna mutuwa a tsaye ba mu sani ba!"

Na faɗa da Hausa, na maimaita da Larabci don baƙi kada su yi asara. Sannan na sa ƙafa na ture tiren Inna gefe. Da ƙafa, jama'a.

Daidai lokacin jaki ya yi kuka a ƙofar gida. A Jazira kuwa ba a wuce mutane suna cin abinci, ko kai waye sai an jawo ka. Dattawa suka shiga "itfaddal, itfaddal", wato bismillah, aka kamo hannun mai jakin aka shigo da shi rumfa, da buhunsa wofi a kafaɗa. Abbakar ne. Muka haɗa ido. Ni har na yi murna, na ce ga shaida Allah ya kawo.

"Yawwa! Ga mai ganyen da kansa. Abbakar, gaya musu daga ina kake kawo shi."

Abbakar ya shiga gyara rawani. Kafin ya samo abin faɗa, Gwaggo Ramatu ta ɗaga zana ta shigo tsakiyar maza, abin da ban taɓa ganin mace ta yi ba, da ludayi a hannunta.

"Bari ni in gaya musu, tunda ni ce ba na ganewa. Kai wanga yaro, yaushe rabonka da zagayawa bayan gidanku? Tun da ubanka ya rasu hawasha ta koma hannun baffanka, uwarka a bayan gida take shuka. Kashin awaki da toka, su ne takinta. A kai take ɗauko ruwa daga rijiya. Tsutsa da hannu take tsince ta kullum da safe. In ta yanko ganye sai ta zauna ta bi shi ɗaya bayan ɗaya, mai kyau ta ware wa ɗanta da masu saye, mai huji ta tara wa awaki. Sai wanga bawan Allah ya zo ya ce a riƙa ba shi na awakin, wai ya samu wani mahaukaci a Managil da ke sayensa da tsada." Ta nuna ni da ludayi. "Ashe mahaukacin namu ne."

Na juya ga Abbakar. Ya buɗe hannuwa.

"Ma'alesh ya Ustaz, yi haƙuri, kasuwa ce. Ni ban san ɗanta ne kai ba. Kai ka ce mai huji kake so."

Wani ya fara dariya a can baya, ta bazu kamar wutar kara. Wani tsoho har da tari. Shugaban makaranta, mutumin kirki, bai yi dariya ba, ya dai jawo tiren Inna gabansa ya ci gaba da ci, wanda ya fi dariyar ciwo. Ni kuwa ina tsaye da ganye biyu na lambu ɗaya, na rasa wanda zan fara ajiyewa.

Dariyar ba ta dame ni ba kamar abin da na hango ta inda Gwaggo ta bar zana a buɗe. Inna ce zaune a kan kujera 'yar tsugune, da faifan jirjir a cinyarta, tana tsincewa don tire na gaba. Ta ji komai. Ba ta ɗago ba, ba ta yi kuka ba. Ta dai dakata, ta dubi tulin mai kyau, ta dubi tulin mai huji, sannan ta sa hannu ta haɗe su wuri ɗaya.

Da yamma na zagaya bayan gida. Taku ashirin ne daga inda nake jingine kekena duk Juma'a. Ga lambun nan an kewaye shi da ƙaya, ga toka a gindin kowace kunya, ga tulu biyu. Babu auduga ko ta magani a kusa.

Na so in ba ta haƙuri, amma ta wace ƙofa? Mu da ba mu saba magana ba. Na durƙusa a bakin ɗakinta na ce, "Inna, na yi kuskure." Ta ce wa bango, "Allah shi kyauta." Iyakarta ke nan.

Juma'a ta gaba na zo da yunwata da niyyar cinye duk abin da aka kawo, har in lashe kwano a gani. Hajara ta tare a gidan miji, don haka Gwaggo ce ta kawo tiren. Kisra tana nan, miya tana nan. Jirjir kuwa an wanke shi, amma yadda aka yanko shi haka aka zubo, mai huji da marar huji a cakuɗe.

"Ta ce a gaya wa mai keke," in ji Gwaggo, "wai ba ta san irin wanda yake so ba, shi zaɓa da kansa."

Na cinye tas. Haka na riƙa cinyewa duk Juma'a har damina biyu, ina jiran ranar da zan buɗe faifai in tarar an tsince mini. Ranar ba ta zo ba har Allah ya karɓi abarsa.

Cikina dai ya warke, har yau cokali ɗaya nake sha, kuma ina nan a kan bakana cewa maganin feshi ba abin ci ba ne. Abin da na ƙaru da shi kawai, kafin ka yi wa mutane lacca a kan lambu, ka zagaya bayan gidanku ka gani. Yanzu da kaina nake tsince jirjir ɗina, kuma na gano aikin yana cin kusan awa guda. Awa guda duk Juma'a Inna take yi mini magana, ni ina mayar da tiren.