Ranar Da Na Shafa Wa Motar Manaja Man Ƙosai

Abubuwa da yawa na shekarun da na yi a wata masaƙa a Challawa sun ɓace mini, amma ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar da na ga Asabe tana gyara ɗaurin ɗankwalinta a jikin motar manaja. Motar baƙa ce wuluk, tana sheƙi har mutum ya ƙirga haƙoransa a ƙofarta. Asabe, mai buga tafireta a ofis, ta ɗan sunkuya, ta karkata kai, ta yi wa kanta murmushi ta wuce. Ni kuwa ina tsaye riƙe da keke, na ce a raina, to, babi na ɗaya ke nan.

Bari in faɗa muku irin mutumin da nake a lokacin. Ban daɗe da haura shekara ashirin ba, aikina ninke yadi da ɗaure dila, kuma duk ɗan littafin soyayya da ya shigo kasuwa sai na karanta shi, wani ma sau uku. A cikinsu na koyi cewa saurayi ba ya zuwa zance a kan keke. Cikin mota yake isowa, ya fito a hankali, ya jingina da ita, budurwa ta rasa abin faɗa. (Ban taɓa tambayar kaina wa ke wanke musu motocin ba.)

Mai wanke wannan dai na san shi. Malam Habu, direban manaja, ɗan ƙauyenmu ne kuma aminin mahaifina. Shi ya kawo ni Kano, ya nema mini aikin, kuma a ɗakin zauren gidansa a Panshekara nake kwana. Baba nake ce masa. Tun kafin wannan manajan yake tuƙa manyan kamfanin, kuma da wannan kujerar yake ciyar da gida guda. Ba ya yarda kowa ya taɓa motar. Bokiti biyu yake ajiyewa, ya fara kwarara mata ruwa, sannan ya bi ta da tsohuwar singileti mai laushi, hannunsa na tafiya a miƙe kamar mai yin layi a takarda.

"Baƙin fenti ba ya rufa wa kowa asiri," yakan ce mini. "Kar ka taɓa goge shi a bushe. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

Wata Juma'a manaja ya tafi Legas a jirgi, zai dawo Litinin da wasu manyan baƙi masu son ganin injina. Baba Habu ya sami damar zuwa ƙauye sunan jikansa. Ya ajiye motar a rumfarta, ya lulluɓe ta da tamfol, ya ce abu ɗaya kawai yake so: in riƙa leƙawa kada iska ta yaye.

Iska ba ta yaye ba. Ni na yaye.

Akwai wani mai hoto da ke zuwa ƙofar kamfani duk Asabar. Na shirya da shi ya ɗauke ni jingine da motar, in sa hoton a wasiƙar da zan ba Asabe. Ba zan ce mata tawa ce ba, ai ta san mai ita. So nake kawai ta ga yadda mota ta dace da ni. Da na ɗaga tamfol ɗin sai na ga 'yar ƙura ta kwanta a kai. Babu bokiti a kusa, mai hoto kuma yana jira. Na zaro wani guntun akoko daga aljihu, irin wanda bai ga ruwa ba, mai ƙarfi da sitati kamar kwali, na hau goge gaban motar da ƙofofin nan biyu. Zagaye-zagaye nake yi, da ƙarfina, ina 'yar waƙa.

A inuwa ta yi kyau. Sai da ranar la'asar ta karkato cikin rumfar, na jingina, na sa hannu ɗaya a aljihu, na kalli nesa kamar mai tunanin masoyiya, sannan mai hoton ya sauke kyamararsa.

"Malam, wannan adon da shi ta zo, ko kai ka yi mata?"

Na juya. Duk inda hannuna ya bi, siraran zane sun fito, da'ira cikin da'ira, kamar gizo-gizo ya kwana yana saƙa a cikin fentin. In ka matsa, su ma su matsa tare da hasken. Na ƙara gogewa don su tafi. (Eh, da akokon nan dai.) Suka ƙaru.

Ranar Lahadi ban ci abincin kirki ba. Abu biyu na yi: na rubuta wa Asabe wasiƙa shafi huɗu, kuma na gano wata dabara. Na lura in na sa yawu a yatsa na shafa, zanen yakan ɓace har sai wurin ya bushe. To, abin da ba ya bushewa nake nema ke nan. Da ma da ɗan mai nake sa kekena ya yi sheƙi.

Litinin da sassafe na tsaya wajen Inna mai ƙosai a bakin ƙofa, na miƙa mata gwangwanin madara.

"Inna, a ɗan sam mini mai."

"Na kaskon? Ɗan nan, tun jiya nake suya da shi. Me za ka yi?"

"Keke zan shafa wa."

"Wannan gwangwanin duka? Keken naka raƙumi ne?"

Na shafe gaban motar da ƙofofi tas, na kauce wa gilashi da mariƙin ƙofa. Wallahi a cikin rumfar nan ta fi ranar da aka sayo ta kyau. Babu zane ko ɗaya. Na goge hannuna a wando, na ruga ofis na miƙa wa Asabe ambulan ɗin, ban iya kallon idonta ba.

Baba Habu ya iso a makare, motar ƙauye ta lalace musu a hanya. Ya shigo rumfar yana haki, ya ga na naɗe masa tamfol, ya ce Allah ya yi mini albarka. Ya ɗan shaƙi iska.

"Wa ke cin ƙosai a nan?"

"Ni ne, Baba."

A nan ne ya kamata in faɗa masa. Kalma biyar ta isa. Amma na tsaya ina kallo ya ja motar ya nufi filin jirgi.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya suka dawo. Ƙurar hanya ta ɗan dusashe ta, kuma daga yadda Baba ya fito yana kallon gaban motar na san ya gane akwai matsala. Sai dai bai sami sarari ba. Manaja ya ce ya tsaya a ƙofar sashen kaɗi, ya ɗauko jakunkunan baƙin ya biyo su ciki. Wanda bai yi aikin masaƙa ba ba zai san wurin ba. A jikin bangon akwai manyan fankoki da ke huro ɓurɓushin auduga waje dare da rana. Kullum yakan sauka a kan motoci, iska ta ɗauke shi. Ranar nan da ya sauka, bai tashi ba.

Da jiniyar hutun rana ta kaɗa, ma'aikata suka fito, baƙi ma suka fito. Motar manaja ta yi gashi. Gabanta da ƙofofinta fari fat, buzu-buzu kamar ragon da aka yi wa wanka, ƙudaje na shawagi a kai. Wani daga baya ya ce, "A kai ta a yi mata aski." Dariya ta ɓarke. Ɗaya daga cikin baƙin, wani Alhaji mai farar babbar riga, ya raɓa ta gefenta don ya duba, hannun rigarsa ya kwaso mai da auduga.

Manaja bai ɗaga murya ba. "Malam Habu, mene ne wannan?"

Baba ya ja yatsa a kan fentin, ya sansana. A layin da yatsan ya share, ga zane-zanena nan suna ƙyalli a rana. Ya ɗago kai, ya neme ni a cikin taron har ya same ni. Bai daɗe yana kallona ba.

"Ranka ya daɗe, kuskurena ne. Na gwada wani mai ne."

A littattafan da na karanta, a irin wannan wurin ne saurayi ke ratsa taro ya ce shi ne. Ni ina tunanin ɗakin zaure, da aikina, da abin da mahaifina zai ji. Sai na ji an taɓa gwiwar hannuna. Asabe ce, riƙe da ambulan ɗina, ba a buɗe ba. Ga shatin yatsuna huɗu na mai a jikinsa, har takardar ta yi shara-shara.

"Wasiƙarka da motar warinsu ɗaya," ta ce a hankali. "Haka za ka tsaya tsoho ya ɗauka?"

Haka na tsaya. Ta sa mini ambulan ɗin a aljihun riga ta koma ofis.

An kai motar wajen wani mai fenti a Bompai. Wanke man ya fi ba shi wahala. Zanen kuwa, ya bi shi da man goge fenti da tsumma mai laushi, kafin la'asar ya fita. Baba da kansa ya gaya mini haka a zaure, yana cire takalmi, kuma shi ne kaɗai abin da ya taɓa faɗa a kan maganar.

"Da ka faɗa mini da safen nan, da na ari wata motar na ɗauko su. Aikin rabin yini ne, ɗan nan."

Abin da na koya ke nan, kuma na saye shi da kujerar wani: ɓarnar da na yi tana da mai gyara a Bompai, dabarar da na rufe ta da ita ce ba ta da shi.

A satin aka ba wani saurayi makullin motar manaja, aka mai da Baba Habu kan babbar motar dakon dila. Bai kore ni daga gidansa ba. Ni na tashi da kaina bayan wata biyu, don na kasa cin tuwonsa. Kullum ina cewa zan je ofis in faɗi gaskiya, har aka sauya manajan. Da aka zo rage ma'aikata, direbobin dako aka fara sallama. Ya sayar da gidan Panshekara ya koma ƙauye noma.

Shekaru da yawa bayan haka na je ta'aziyyarsa. Muna zaune a kan tabarma ana tuna halayensa, sai babban ɗansa ya yi murmushi ya ce, "Kun san Baba ya taɓa shafa wa motar manaja man ƙosai? Shi da bakinsa yake ba mu labarin, har da yadda ta yi gashi. Ya ce ranar ya san tsufa ya kama shi."

Aka yi dariya, ana cewa Allah ya jiƙan Malam. Ɗan ya juyo gare ni.

"Yaya, ai kana kamfanin lokacin, ko?"

"Ina nan," na ce.