Nomau da Ƙofar Iya Yalwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, kowa ya gyara zama.

A wani ƙauye da ake kira Rafin Gawo an yi wani mutum mai suna Nomau. Ƙato ne, ga ƙarfi, ga haƙuri, ga son mutane. Abu ɗaya ne da shi: duk abin da aka gaya masa, shi zai yi daidai, ba ragi ba ƙari. Tun yana yaro mahaifinsa ya taɓa tsayar da shi a gindin ɗorawa a kasuwa, ya ce, "Tsaya nan har in dawo." Tsohon ya manta, ya koma gida ta wata hanya. Sai washegari aka je aka same shi tsaye ƙiƙam, kasuwa ta watse, yana cewa Baba bai dawo ba tukuna.

Da mahaifin ya rasu, gidan ya zama mutum uku: Nomau, da matarsa Tasalla mai saurin baki da saurin hannu, da mahaifiyarsa Iya Yalwa, wadda ke kiransa Auta. Iya masaƙiyar faifai ce. Ba amaryar da za a kai a yankin nan babu faifan Iya a cikin kayanta. Ana nan sai ciwo ya kama mata gaɓoɓi. Yatsu suka kumbura, da safe su sandare, ta ɗauki kaba ta kasa lanƙwasa ta. Ta zauna tana kallon hannuwanta kamar na aro.

Nomau ya kai ta asibitin gari, suka ga wani Likita Ɗayyabu, wanda ke zuwa daga birni sau biyu a shekara. Ya duba ta ya ce, "Iya, amosanin gaɓoɓi ne, irin wanda jiki ke faɗa da kansa. Akwai magani, ƙwaya ce da za ki sha sau ɗaya a mako. Za ta sakar miki yatsu, amma tana da ƙarfi, tana iya taɓa hanta ba ki sani ba. Saboda haka duk wata sai an gwada jininki." Ya juya ga Nomau. "Kai kuma, duk takardar sakamakon da aka ba ka, ka adana. Kada ɗaya ta ɓace, kada ɗaya ta yage. Ranar da na dawo ka zo min da su duka. In hanta ta nuna wahala, dole in janye maganin."

Iya ta ji wannan magana ta ƙarshe, ta riƙe ta a zuci. Ta fara shan magani, ba a jima ba yatsu suka saki, kaba ta dawo tana yi mata biyayya.

Wata rana aka je ɗiban jini na farko. Mai ɗiban jinin, wani Malam Zubairu, ya zare allura, ya ɗora auduga a hannun Iya, ya ce wa Nomau, "Danne nan, kada ka saki sai na ce ka saki." Sai aka kira shi wani ɗaki, daga can lokacin tashinsa ya yi, ya hau babur ya tafi. Nomau na nan danne da auduga. Azahar ta yi, Iya ta ce, "Auta, sake ni, jinin nan ya tsaya tun ɗazu." Ya ce, "Iya, bai ce ba." Ya yi tambaya, aka ce Malam Zubairu ya tafi walimar suna a bayan tasha. Haka ya taso tsohuwa suka ratsa kasuwa, yana riƙe da hannunta kamar ya kama ɓarauniya. Suka iske Malam Zubairu ya kai loma bakinsa.

"Malam, in saki?"

Malam Zubairu ya ƙware, sai da aka ba shi ruwa. "Saki, bawan Allah, saki!"

Aka zuba musu shinkafa da nama. Iya ta ce ko ba komai ta ci suna.

Wata rana takardu suka fara taruwa, Tasalla ta ce, "Malam, ka ajiye su inda ruwa ba zai taɓa su ba, akuya kuma ba za ta kai ba." Nomau ya yi tunani, ya kwashe geron rumbu gaba ɗaya, ya ajiye takardu a ƙasa, ya mayar da gero a kai. Wata na kamawa aka samo sabuwar takarda, ya sake kwashe geron. Kaji suka yi biki a tsakar gida. Tasalla ta tafa hannu ta ce, "Na shiga uku! Duk wata sai an yi sussukar rumbu? Ka sa su inda idonka zai riƙa ganinsu kullum mana." Washegari ya ɗinke su da zare a bakin malafarsa, suna reto a gaban fuskarsa, ya tafi gona. Kunyar noman da ya yi ranar nan ta tashi daga gonarsa ta ƙare a gonar maƙwabci, shi kuma ya ƙare a cikin kwazazzabo. Ya dawo da ƙura har gira, amma takardu ko ɗaya ba ta yage ba, don da zai faɗi malafar ya fara ɗagawa sama.

Iya ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Auta, zo nan. Jiƙa ƙaro ka manna su a bayan ƙofar ɗakina. Wadda ta riga zuwa ita ce a sama, mai bi mata a ƙasanta, kamar sahun salla. Kada wata ta tsallake wata." Ya jiƙa ƙaro mai kauri, ya manna su a jere, ya danne kowacce da tafin hannu har ta zama kamar da ita aka sassaƙa ƙofar.

Wata rana Malam Zubairu ya ce wa Nomau, "Ka ga lambobin nan? In ɗaya ta wuce iyaka muna zagaye ta da ja. In ka ga ja a jikin takarda, ka taho da gudu, kada ka tsaya komai." Bayan kwana kaɗan Tasalla na tuyar ƙosai, ta tura ƙofar Iya da hannun manja. Nomau ya shigo gaida Iya, ya ga ja ɓaro-ɓaro a takarda. Bai tsaya neman takalmi ba, bai tsaya jiran mota ba, don an ce da gudu. Ya isa asibiti yana haki.

"Malam, na ga ja!"

"Ina takardar?"

"Tana ƙofa. Ni ka ce in taho."

Malam Zubairu ya ɗauko shi a babur har Rafin Gawo. Ya duƙa ya shinshina takardar, ya miƙe. "Wannan ciwon ƙosai ne, maganinsa koko." Tasalla ta rufe fuska da mayafi, ta zubo masa ƙosai a kwano. Kafin ya tafi ya ce, "Jan biro nake nufi. In babu jan biro, ku kwantar da hankalinku."

To, jan biro bai taɓa fitowa ba. Wata ya bi wata, takarda ta bi takarda, sahu ya sauko har tsakiyar ƙofa. Sai dai Iya ta fara canzawa. Tuwo ya daina shiga, zuciyarta na tashi, hantsi bai gama ba sai gajiya ta kwantar da ita a tabarma da faifai a cinya. Tasalla ta lura ta ce, "Iya, jikin nan fa?" Iya ta ce, "Tsufa ne, 'yar nan. Kuma kada in ji wannan magana a bakinki." Tsoronta ɗaya ne: a janye ƙwayar nan yatsunta su koma itace.

Wata rana aka aiko cewa Likita Ɗayyabu ya zo. Nomau ya je bayan ƙofa ya kama gefen takardar farko zai ɓanɓare, sai ya ji ta ce ƙyat, tana shirin yagewa. Ya janye hannu kamar ya taɓa wuta.

Tasalla ta ce, "Bar su. Ga ta wannan watan ba ka manna ba tukuna, ita za ku tafi da ita. Haka kowa ke yi, ta ƙarshe ake kaiwa."

Iya ta yi saurin cewa, "Gaskiyar Tasalla. Guda ɗaya ta isa."

Nomau ya ce, "Duka ya ce."

"To sun manne."

"Kuma ya ce kada ɗaya ta yage."

Ya jiƙa ƙaro ya manna ta ƙarshen a ƙasan sahu. Sannan ya ɗauko guduma ya kwance ƙofar daga jikin ɗaki, ya ɗora a ka.

Tasalla ta biyo shi har zaure. "Malam! Ɗakin Iya za ka bari a buɗe? Kaji fa? Mutane fa, me za su ce?"

"Za su ce ga Nomau da ƙofa."

Haka kuwa suka ce. A tasha direba ya tambaye shi ko tashi suke yi daga garin, ina sauran ginin. Aka ɗaure ƙofa a saman mota tare da buhunan albasa, Nomau ya hau can sama ya zauna yana tare mata iska da rigarsa. A bakin asibiti maigadi ya tare shi ya ce kafintoci ta baya suke shiga. Nomau ya ce, "Sakamako ne." Iya na biye da shi, ta ja mayafi har hanci kamar ba tare suke ba.

Da layi ya zo kansu, ya karkata ƙofar ya shigar da ita ta ƙofar likita, ya jingina ta da bango. "Ranka ya daɗe, ga su duka. Ba wadda ta ɓace, ba wadda ta yage. Ɗaya ce ta sha manja."

Likita Ɗayyabu ya yi dariya har ya cire tabarau ya share ido. Ya mayar da tabarau ya matso. Ya ɗora yatsa a takardar sama, ya gangaro zuwa ta biyu, ta uku. Dariyar ta tsaya. Ya koma sama ya sake gangarowa a hankali, har sai da ya durƙusa a gaban ta ƙarshe.

"Iya, kina cin abinci?"

"Ina ci, Likita."

Nomau ya ce, "Ba ta ci. Loma biyu take yi ta ba kaji."

"Auta!"

"Iya, Tasalla kika hana faɗa. Ni ba ki hana ni ba."

Likita ya jawo kujera kusa da ita, ya nuna mata ƙofar. "Kin ga wannan lambar? Ta hanta ce. A takardar farko tana ƙasa. A ta biyu ta ɗan hau. A ta uku ta ƙara. Duk wata sai ta taka mataki ɗaya, kamar mai hawa tsani. Ba ta kai inda ake zagayewa da ja ba, shi ya sa kowace takarda in aka dube ta ita kaɗai lafiya lau take. Da ta ƙarshen nan kawai kuka kawo min, da na ce ku je Allah ya ƙara sauƙi. Amma ga su a jere, hanyar da take bi a fili take."

Iya ta dunƙule hannuwanta a cinya. Ta ce, "Shi ke nan, za ka karɓe maganin."

"A'a, Iya. Da an bari sai ta kai ja, to da dole in karɓe. Yanzu da saura. Zan rage miki shi, in ƙara miki wata 'yar ƙwaya mai taimakon jiki, a sake gwada jinin ba da jimawa ba mu ga ko ta sauko. Amma ki yi min alkawari, in jiki ya canza ki faɗa."

Iya ta buɗe hannuwanta ta dube su, ta ce, "Na yi."

Likita ya dafa kafaɗar Nomau. "Na daɗe ina wannan aiki, ban taɓa ganin wanda ya jera sakamako da kyau kamar a ƙofar nan ba. Ka ci gaba da yi haka."

Tasalla da ta ji wannan magana ta ƙarshe da suka dawo, sai ta zauna a kan turmi ta dafe kai, don ta san mijinta. Ba ta ko yi gardama ba. Ta kira kafinta ya yi wa Iya sabuwar ƙofa, tsohuwar kuma aka jingina ta a zaure, mutanen gari suka sa mata suna ƙofar asibiti.

Lambar hanta ta juyo ta fara sauka tsani. Tuwo ya dawo yana shiga. Iya ta saƙa faifai mai ja da kore, wanda ta fi ƙawatawa a shekarar, ta ce na Likita ne. Da ya sake zuwa aka ga Nomau a hanyar tasha, ƙofa a ka, Iya a gabansa da faifai a hannu, wannan karon fuskarta a buɗe tana amsa gaisuwa.

Ana nan sahu ya sauko har ƙasan ƙofa, babu sauran wurin manna ko guda. Wata rana Tasalla ta dawo daga rijiya da tulu a ka, ta tarar kaji na shawagi a kan gadonta, ɗakinta a hangame. Ta leƙa zaure, ga Nomau durƙushe a gaban ƙofarta yana jiƙa ƙaro.

"Malam!"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ya ce in ci gaba."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Ta tafi ta bar mu, ku ja min ƙofa in kun fita, in akwai ta.