Aljanar Ɗakin Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa da bikin Hajara, ɗiyar baffana, a Gafasa ba, ko da zan yi tsufan da haƙori ɗaya ba zai rage mini ba.

A shekarar ne wani likita a Kano ya ɗaura mini waya don ya daidaita haƙorana na gaba, waɗanda tun ina firamare a Gaya suka jawo mini suna Zomanya. Ya haɗa ni da wata 'yar na'ura da ake cizawa, tana ba da jan haske a cikin baki. Ya ce mai yiwuwa hasken ya sa haƙoran su yi saurin jeruwa, in dai ban tsallake rana ba. (Ni "mai yiwuwa" ɗin nan ban ji ta ba, "sauri" kawai kunnena ya kama.) Gaggawar tawa da dalili. Malam Nura, wanda muke koyarwa tare, ya fara zuwa gaishe da Baba, ni kuwa ban taɓa yi masa dariya ba sai da mayafi a baki.

Ranar kamu, bayan azahar, na sulale daga cikin mata na faɗa ɗakin Gwaggo Talatu, yayar babana. Ɗakin ƙasa ne mai sanyi, ko taga babu. Na saki labule, na zauna kan buhun gero, na ciji na'urar, na lumshe ido.

Kiɗan ƙwarya ya yi ta nisa. Sai ga ni a bakin rafi, damina ta yi albarka, an cire wayar, haƙora sun jeru kamar ƙwayar masara. Malam Nura na tahowa ta cikin dawa da farar shadda, iska na kaɗa masa ita. Ya faɗi wata magana, na tuntsire da dariya, bakina a buɗe, ba kunyar kowa.

Ashe a zahiri ma dariyar nake yi.

"Innalillahi! Jama'a ku zo, aljana!"

Wata dattijuwa ce da ta shigo neman wurin salla. Ta tarar da wani baki jajir yana ci kamar garwashi a cikin duhu, yana ƙyaƙyatawa shi kaɗai. Na yunƙura zan ce ni ce, amma da abu a baki sai gurnani ya fito. Ta yar da buta, ta fita ba takalmi.

Gwaggo ta shigo da Ayatul Kursiyyu a baki, mata cike a bayanta, ta sheƙa mini ruwan wanke shinkafa. Da aka yaye labule ta gan ni, yawu har haɓa.

"Ke 'yar nan! Wuta kika haɗiya?"

Sannan ta juya wurin dattijuwar, wadda har lokacin take haki. "Hajiya, yi haƙuri. Ai ita ce yarinyar da Nuran naki yake nema, wadda kika zo gani."

Yau Hajiya surukata ce, kuma har yanzu sai ta yi a'uzubillahi kafin ta ɗaga labulena. Ni dai na koyi abu guda: mai son yin mafarki da rana tsaka, ya fara sa sakata.